Ƙayar Kifi ta Shagon Baba: Littafin Aiki, Janairu zuwa Yuni 2025

Asabar, 11 ga Janairu

Bayan La'asar muka zauna a shago mu huɗu, Baba da Yaya da ni da ƙanwata, ga sanyin Jos ya hana kowa cire rigar sanyi. Shawara ta tsaya a kan cewa kafin damina ta kankama za mu fitar da sabuwar eriyar talabijin guda 60, wadda aka auna kowane ƙarfe nata da lissafi tun daga tushe. Baba ya ce ni zan riƙa rubuta duk abin da aka yi da ranar da aka yi shi. Ya ce abin da ke cikin ka, da mai kan yake tafiya.

Dalilin wannan aiki yana jibge a kusurwar shago. A daminar bara an dawo mana da eriya 23. Shekara sama da 30 Baba yana wannan sana'a a Dilimi, ya fara da gyaran rediyo, daga baya ya koma ƙera eriya, kuma bai taɓa ganin kayansa sun dawo da yawa haka ba. Mutane ba su yi faɗa ba, galibi sanayya ce, amma na ga yadda abin ya zauna masa a rai.

A shagonmu kowane sashe na eriya da sunansa. Dogon bututun tsakiya shi ne ƙashin baya. Gajerun sandunan gaba haƙarƙari. Lanƙwasasshen ƙarfen da waya ke kamawa shi ne kunne, na bayansa kuma garkuwa. Ɗan akwatin robar da ake haɗa waya a ciki Baba yana kiransa zuciya. Ita kanta eriyar mutanen gari ƙayar kifi suke ce mata. A littafi sunanta Yagi-Uda, sunan malamai biyu na Jami'ar Tohoku a Japan da suka fito da ita a 1926. Saura shekara guda ta cika ɗari, har yanzu ba a canza mata siffa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun buɗe duka 23 ɗin ɗaya bayan ɗaya a kan benci. Guda 19 ciwonsu ɗaya: ruwa ya shiga zuciya, wurin da jan ƙarfen waya ya haɗu da alminiyam ya yi farin gari kamar an barbaɗa alli. Uku iska ce ta karya musu haƙarƙari. Ɗaya lafiyarta ƙalau, wayar mai gidan ce ta lalace.

Farin garin nan ba datti ba ne. Idan jan ƙarfe da alminiyam suka taɓa juna aka samu danshi a tsakani, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ga shi kuma alminiyam ba ya karɓar dalma irin tamu, saboda wata siririyar fata da yake yi da zarar iska ta taɓa shi. Shi ya sa tun da can ɗaure waya ake yi da noti. A zamanin analog idan mahaɗar ta fara lalacewa hoto yakan yi yayyafi, mai gida ya ci gaba da kallo da haƙuri har shekara biyu. Dijital ba ta san haƙuri ba. Ko hoto tangaram, ko ya daskare ya farfashe, ko allo ya yi baƙi. Aikin da a da yake wucewa yanzu ranar da ya fara rauni ranar ake ganewa.

Na faɗa wa Baba haka. Ya juya zuciya ɗaya a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ashe ba girman ba ne."

Litinin, 27 ga Janairu

Ranar lissafi. Wannan ne wurin da na fi jin tsoron mu saɓa da Baba, don yana da wata sandar katako mai tsage-tsage da yake awo da ita tun kafin a haife ni.

Tashoshin dijital na ƙasa, waɗanda ake kamawa da dikodar DVB-T2, suna cikin zangon UHF, daga megahaz 470 zuwa 694, kowace tasha da faɗin megahaz 8. Tsawon zangon sigina kuwa ana samunsa ne idan aka raba 300 da adadin megahaz, amsar ta fito a mita. A 470 ya kama santimita 64, a 694 kuma 43, tsakiya wajen 52. Kunne yana son ɗan ƙasa da rabin wannan, sai na sa shi 24. Garkuwa za a yanka ta don ƙasan zangon, na ba ta 34. Haƙarƙari kuma don saman zangon ake yanka su, 18 na farko, suna ɗan raguwa zuwa gaba. Idan haƙarƙari ya yi tsawo fiye da kima sai ya koma yin aikin garkuwa, ya kori siginar da aka sa shi ya jawo.

Da na ɗora tef a kan sandar Baba sai na ga abin da ya sa ni yin shiru. Tsagar kunnen tsohuwar eriyarsa tana kan santimita 70 da 'yan kai. Zangon VHF na da, 174 zuwa 230, tsakiyarsa wajen 200 ne, tsawonsa mita ɗaya da rabi, rabinsa 75, a rage kaɗan saboda kaurin ƙarfe. Wato daidai inda ya tsaga. Bai taɓa raba 300 da komai ba. Ya yi ta yankewa yana gwadawa a kan kwanon mutane har hoto ya tsaya, sannan ya tsaga sanda. Abin da ya faru kawai shi ne lokacin da aka koma dijital ya rage tsawon da ido, haƙarƙarin suka tsaya a 22, sun yi wa saman zangon tsawo.

Na nuna masa lissafin a bayan kwali. Ya ce in kawo wuƙa. Da hannunsa ya yi sababbin tsagogi a ɗaya gefen sandar, tsofaffin ya bar su.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yaya ya sayo bututun alminiyam mai kusurwa huɗu na ƙashin baya, da sanda mai kaurin milimita 8 ta haƙarƙari. Kuɗin daga adashin Umma ya fito, ɗaukarta ce ta wannan wata, ta ce a mayar mata kafin Babbar Sallah.

Ya kuma ƙera ma'aunin huda: dogon ƙarfe mai ramuka, a ɗora bututu a ciki a huda ba sai an sake awo ba. Guda uku na gwaji sun fito kamar tagwaye.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin farko bai yi ba.

Mun hau kwanon gidanmu a Unguwar Rogo da dikoda da ƙaramar talabijin. Dikoda tana nuna layi biyu, na ƙarfin sigina da na inganci. Ƙarfi ya hau, inganci yana ta rawa, wasu tashoshin ma tsohuwar eriyar Baba ta fi kama su. Yaya bai ce komai ba, ya sauka ya tafi masallaci.

Da dare na zauna na bi komai daga farko. Kunne mai lanƙwasa yana da om (ma'aunin turjiyar da sigina ke gamuwa da ita) wajen 300, wayar talabijin kuma 75 ce, sai an sa abin da zai daidaita su. Mu da guntun waya muke yi, a lanƙwasa shi kamar ƙugiya a cikin zuciya, tsawonsa rabin zango. Amma sigina ba ta gudu a cikin waya kamar yadda take yi a iska, sai an rage tsawon gwargwadon irin robar da ke ciki. Mai tauri ana ninkawa da 0.66, mai kumfa kuwa, irin RG6 da muke amfani da ita, wajen 0.82 zuwa 0.85 ne. Ni na yi lissafi da ta farko na ba ƙanwata santimita 17, alhali wajen 22 ya kamata. Kuskurena ne, ita abin da na rubuta mata ta yanka.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ta sake yanka uku a 22 tun da safe. Inganci ya hau ya tsaya cak. Baba da kansa ya hau tsani, abin da ya daina tun da gwiwa ta fara damunsa, ya juya eriyar hagu da dama yana tambayar ƙanwata da ke ƙasa, "Yanzu fa? Yanzu fa?" Da ya sauko ya ce a sayo tsire.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mako guda cur a kan zuciya kaɗai, kuma ina ganin duk aikin nan nan ne ya fi cancantar lokaci.

Ga yadda muka tsaya. Waya ba za ta ƙara taɓa alminiyam kai tsaye ba. Ƙanwata za ta yi mata dalma a kan ɗan kunnen tagulla da aka shafe da kuza, shi kuma a ɗaure shi da noti marar tsatsa, a shafe mahaɗar da giris. Dalmar da take narkarwa kashi 60 kuza ce. Baba ya ce kakanmu kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana wanke ta a bakin kududdufan Bukuru, ga shi jikarsa tana saye a naɗe a kan ɗan ƙwarya. Ƙanwata ta ce ita dai ƙamshinta take so.

Robar akwatin baƙa muka zaɓa. Fara ta fi kyau a ido, masu saye ma ita suke nunawa, amma duk fararen da aka dawo da su rana ta gasa su sun yi ƙwaras, da ka matsa sai su tsage.

Sai maganar rami. Ni na so a toshe akwatin ruf da gam, ko iska kada ta shiga. Baba ya ce a'a, a huda ɗan rami a ƙasa. Na ce Baba, ruwa muke gudu, kuma mu buɗe masa ƙofa? Ya ce in je in taɓa kwanon gida da Asuba. Garin da rana ke dukan kwano da tsakar rana, dare kuma ya yi sanyin da sai da bargo biyu, akwati ko an rufe shi zai yi gumi daga ciki, kuma gumin da bai samu hanyar fita ba kwanciya zai yi a kan noti. Mun gwada: akwati biyu a kan kwano kwana huɗu, ɗaya a toshe, ɗaya da rami, kullum da yamma a watsa musu ruwa da buta. Na toshen da muka buɗe akwai raɓa a murfinsa. Mai ramin a bushe. Rami ya zauna.

Waya kuma ta ƙasa za ta fito, a saki ɗan lanƙwasa kamar wuyan raƙumi kafin ta shiga ɗaki, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu. Daga hantsi zuwa Azahar muke aiki. An gama 26.

Kawu, wanda ke kai mana kaya kasuwannin Tilden Fulani da Jengre, ya zo ya ɗaga ɗaya ya ce ta yi ƙanƙanta, mutanen ƙauye ba za su yarda abu ƙarami haka yana jan hoto ba. Ya ce ko dai a ƙara mata fukafukai na ado, ko a manna mata busta mai jar fitila irin na kwali da ake kawowa daga waje, su ne ke tafiya.

Baba ya ce, "Ƙarfen da ba ya aiki ba zai hau eriyata ba."

Maganar busta na daɗe ina son in rubuta ta. Busta ba ta ƙirƙirar sigina. Abin da eriya ta kamo shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau, har da nata surutun a kai. Amfaninta na gaskiya shi ne inda waya ta yi tsawo, don RG6 a wannan zango mita 20 kawai tana cinye kusan rabin ƙarfin sigina, ko kuma inda za a raba wa ɗakuna uku ko huɗu. A cikin gari kusa da turken watsawa sau da yawa ɓata hoto take yi, sigina ta yi mata yawa ta shaƙe. Ga kuma turakun waya na 4G da ke aiki a 700 da 800, dab da saman zangonmu. Busta marar matata tana kwaso su gaba ɗaya ta zuba wa dikoda. Na sha zuwa gida in cire busta kawai hoto ya dawo, mai gida yana kallona kamar na yi sihiri.

An rabu a kan Kawu zai tafi da biyar bayan Sallah, wanda ya saya bai gamsu ba ya dawo da ita a ba shi kuɗinsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An koma aiki bayan Sallah. Wani dattijo abokin Baba daga wajen Toro ya roƙi a yi masa eriyar rediyo, yana son tashoshin FM na Jos su daina shashsheƙa a ɗakinsa. Wannan ba ta cikin lissafin 60, amma Baba ba ya iya ce wa mai rediyo a'a. FM daga 87.5 zuwa 108 take, muka ɗauki 98, hannu biyu kowane santimita 73. Awa ɗaya aka gama. Sauran yinin suka cinye shi da hirar gajeren zango, yadda a da ake ɗaura doguwar waya daga bishiyar mangwaro zuwa taga don a ji Landan da Asuba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau na ga abin da zan daɗe ina tunawa.

Wani gida a bayan Naraguta, dutse ya tsaya masa ƙiƙam tsakaninsa da gari. Mai gidan ya ce masu eriya uku sun zo sun tafi. Muka ɗaga gora mai tsawo, muka nufi inda turke yake, babu komai. Muka ƙara tsawo, inganci ya ɗan motsa ya koma. Ina shirin cewa a haƙura a sa ta tauraron ɗan'adam, sai Baba daga ƙasa ya ce wa Yaya ya juya ta baya, ya nufi wani tsauni da ke can gefe. Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya juya a hankali. Hoto ya fito.

Sigina ce ke dukan fuskar tsaunin tana dawowa. Baba ya ce ya san wannan tun da, amma a zamanin analog abin ƙi ne, shi ke sa mutum ya fito da inuwarsa a allo, mai karanta labarai ya zama biyu. Tsarin DVB-T2 kuwa an gina shi da ɗan jinkiri tsakanin guntayen sigina, don wadda ta zo a makare ta hanyar dutse kada ta ɓata ta farko. A garin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, duwatsu ko ta ina, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Ni na san dalilin a takarda, ban taɓa tunanin in juya wa turke baya ba.

Matar gidan ta aiko mana da kunun gyaɗa. Yaran kuwa ko sallama ba su tsaya yi mana ba, sun riga sun zauna a gaban allo.

Laraba, 30 ga Afrilu

Yau shekara tara daidai da ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos. Ranar 30 ga Afrilu 2016 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya zo aka buɗe FreeTV, tsarin talabijin na dijital na gwamnati, a nan, garin da aka zaɓa don gwajin farko a duk Najeriya, Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar. Wa'adin komawa dijital da ƙasashe suka amince da shi a Janeba tun 2006 shi ne 17 ga Yuni 2015, mun makara, amma da aka tashi farawa da mu aka fara. Baba yana yawan haɗa wannan da 1975, lokacin da gidan talabijin na Benuwai-Filato ya riga kowa a ƙasar nan nuna hoto mai kala. Yakan ce Jos ba baƙuwar talabijin ba ce, bai kamata a ce eriyar da ke kan kwanonta sai an kawo daga wata ƙasa ba.

An gama 51. An sayar da 17.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwa da iska da ƙanƙara daren Alhamis. Da gari ya waye na bi gidaje tara da muka ɗaura wa a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Takwas lafiya. Ɗaya iska ta juya ta, maƙalin ne bai kama gora da kyau ba. Yaya ya ce daga yau maƙali biyu za a riƙa sawa, ya kuma koma ya ƙara wa sauran da ke shago.

A wani gida na tarar mai gidan ya matsar da gorar da kansa, ta koma dab da wayar wutar lantarki. Na sa aka sauke ta nan take. Alminiyam a kan gora mai jiƙe, ga wayar wuta a sama, rai ake magana. Na roƙi ƙanwata ta rubuta a takardar da muke haɗawa da kowace eriya, da Hausa da manyan baƙaƙe: a nisanci wayar wuta fiye da tsawon gorar, kuma idan hadari ya taso da tsawa a zare wayar eriya daga dikoda.

Asabar, 24 ga Mayu

An dawo da ɗaya daga Farin Gada, ta farko cikin sababbin. Gabana ya faɗi. Baba ya karɓa bai ce uffan ba, ya ɗauko sukundireba ya buɗe zuciya a gaban mai ita. A bushe, noti yana ƙyalli, giris yana nan.

Muka bi shi gida. Wayar da ya saya da kansa ce: ragar da ke kewaye da ita 'yan silalla ne da za ka iya ƙirgawa, kuma an yi mata haɗi a tsakiya an naɗe da leda. Ruwa ya shiga ta nan, ƙarfen ciki ya yi tsatsa har tsawon hannu. Irin wannan wayar ƙarfe ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, maganaɗisu yana kama ta. Idan a bushe take tana aiki, don sigina a fatar waya take bi, amma ranar da ruwa ya same ta ta gama.

A hanyar dawowa Yaya ya kawo shawarar mu daina sayar da eriya tsirara. Kowace ta fita da mita 15 na wayar da muka zaɓa, an riga an matse mata kai a shago. Kuɗin zai ƙaru, wasu za su tafi wurin mai araha. Baba ya yi shiru har muka wuce Terminus, sannan ya ce a yi hakan.

Asabar, 14 ga Yuni

An mayar wa Umma kuɗin adashinta ana saura kwana uku Sallah. Cikin 60, saura 6 a shago. Kawu ya dawo daga Jengre babu ko ɗaya a hannunsa, yana son 20, kuma bai ƙara tada maganar jar fitila ba.

Yau da safe na sauke ta kan kwanonmu, ta gwajin Fabrairu, na buɗe. Wata huɗu, ruwa kusan kullum tun Mayu. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ramin, ciki kuwa ƙaƙas. Na kai wa Baba. Ya sa yatsa ya shafa notin, ya duba yatsan, ya ce a mayar da ita, a sake buɗewa ƙarshen Agusta lokacin da ruwa ya fi nauyi.

Yaya ya tafi sayo bututun zagaye na biyu. Cikin 20 na Kawu, 8 za a yi su da dogon ƙashin baya da haƙarƙari 12 saboda nisan wurin. Tazarar tsakaninsu ban gama lissafinta ba, Litinin zan zauna a kai.